Yanar gizo-gizo da ƙwari sun cika mana bangon gida da damina: wane magani ne ya fi ƙarfi?

Tambaya: "Bara muka tare a sabon gida a gefen Kano, kusa da gonaki. Maigidan ya sa an zagaye gidan da fararen fitilu saboda tsaro, har da na sola a baranda. Tun da ruwa ya sauka bangon waje ya cika da yanar gizo-gizo da matattun ƙwari da wasu ɗige-ɗige, fentin duk ya yi dauɗa. Mun sa an yi feshin fiya-fiya, ba a rufa sati biyu ba suka dawo. Ga shi kuma yarona ya tashi da ƙuna a wuya, an ce fitsarin gizo-gizo ne. Don Allah wane magani ne ya fi ƙarfi?"

Amsa: Hajiya, sannu da fama, Allah ya ba yaro lafiya. Na daɗe ina aiki a kan ƙwari da feshinsu, kuma irin wannan koke shi ne ya fi yawan zuwa mini daga watan Yuni zuwa Satumba. Abin da zan fara gaya miki shi ne, ko an kawo miki maganin da ya fi kowane ƙarfi a kasuwar Sabon Gari, bangon nan zai koma yadda yake muddin fitilun suna nan a inda suke. Matsalar daga fitila take tasowa, gizo-gizo biyo baya ya yi.

Gizo-gizo ba ya cin fenti, ba ya cin siminti, ba ya cin hatsi ko ragowar tuwo. Ƙwari yake ci, kuma ba ya ɓata zarensa a inda ba abin kamawa. Da damina ƙwari suke ƙyanƙyashewa da yawa, domin ga danshi, ga ciyawa, ga ruwa kwance, ku kuma kuna bakin gonaki. Da magariba ta yi, duk abin da ya tashi sama daga cikin gero da ciyawa da kwata, wuri mafi haske a unguwar yake ƙarewa, wato bangonku. Gizo-gizon da ya samu kusurwa kusa da ƙwan fitila zai ƙoshi kowane dare, ya girma da wuri, macen ta yi ƙwai da yawa. Jakar ƙwai guda, wannan ɗan ƙullin mai kama da auduga da kike gani a lungu, tana iya ɗauke da ƙwai daga gommai zuwa ɗaruruwa. 'Ya'yan kuma in sun fito, da yawansu sukan saki siririn zare iska ta ɗauke su ta sauke a wani wuri. Shi ya sa ko kin kashe na jikin bangon kakaf yau, wasu suna sauka daga bishiyar maƙwabta da gonar bayan gida kafin mako ya zagayo.

Da can ana cewa ƙwari son haske suke, ko kuma sun ɗauka wata ne. A shekarar 2024 wasu masu bincike na Imperial College da ke Landan da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon bidiyo mai saurin ɗauka da suka yi a ɗakin gwaji da kuma cikin daji a Kosta Rika. Abin da suka gani shi ne, ƙwaro yana juya bayansa ne ga wurin da ya fi haske, don da haka yake gane ina ne sama. A daji sararin samaniya ne ya fi haske, sai tafiya ta miƙe. Idan ya zo kusa da ƙwan lantarki sai ya juya masa baya, ya yi ta kewaya shi har ya gaji ya faɗi ko ya faɗa cikin yana. Amfanin wannan a gare ki shi ne, fitilar da haskenta ke watsuwa ko'ina, sama da gefe, ta fi riƙe ƙwari a kan wadda aka yi wa hula tana haska ƙasa kawai.

Sai launin hasken, wanda a nan ne yawancin gidajenmu suke kuskure. Idon yawancin ƙwarin dare ya fi ganin haske mai ratsin shuɗi da kuma wani haske da ke gaba da shuɗi wanda idon mutum ba ya gani. Ja da ruwan ɗorawa ba sa ganinsu sosai. Doguwar fitilar nan ta da, da ƙwai masu murɗe-murɗe da aka yi yayi kafin zuwan LED, duk suna fitar da wannan haske da ƙwari ke bi. LED ya fi su dama, amma shi ma kala-kala ne. Ki duba jikin kwali ko gindin ƙwan: idan kin ga 6500K, wannan shi ne fari fat mai ɗan shuɗi, shi ne ya cika kasuwa, kuma yawancin fitilun sola irinsa ne. Ki nemi mai 2700K ko 3000K, wanda haskensa ya yi ruwan ɗorawa. Ba zai kori ƙwari ba, kada wani ɗan kasuwa ya ce miki yana kora. Kiran da yake musu ne bai kai na farin ba, kuma bambancin za ki gan shi da idonki a ƙasan fitilar da safe.

Na san Alhaji zai ce tsaro fa? Yana da gaskiya, ba zan ce a kashe fitila a bar gida cikin duhu a sabuwar unguwa ba. Amma fitilar da aka manna a jikin bangon ɗaki, ko a saman ƙofa da taga, ba ita ce ta fi ba da tsaro ba, ita ce dai ta fi tara ƙwari a daidai inda za su shiga ɗaki. A ciro ta a mayar kan katanga ko kan ƙarfe a tsakar fili, taku goma ko fiye daga ginin, ta riƙa hasko gidan daga can. Ƙwari gindin fitila suke taruwa, sun fi yawa a inda ƙwan yake a kan inda hasken ya sauka. Ta baranda kuma, wadda ba a bukatarta sai za a shiga ko za a fita, a sa irin mai kunna kanta idan ta ga motsi ta mutu bayan minti ɗaya ko biyu. Akwai ta sola, ba ta da tsada sosai, kuma a ganina fitilar da ta kama ba zato ta fi tsorata ɓarawo a kan wadda ta kwana a kunne. Da dare a saki labule, don hasken falo da ke fita ta taga shi ma kira ne.

In ba a yi komai ba sai wannan, an yi rabin aikin da ɗoriya.

Sauran rabin na tsintsiya ne. A ɗaura tsintsiyar kwakwa ko burushi mai laushi a kan doguwar gora, a bi ƙarƙashin bakin kwano, da kusurwoyin baranda, da bayan ƙarafan taga, da kewayen kowace fitila, sau ɗaya a mako har ƙarshen damina. Abin da ya fi muhimmanci a sharar shi ne jakar ƙwai. Yawancin masu shara yanar kawai suke janyewa su bar ƙullin a manne, alhali nan ne na gobe suke. A kankaro shi a murƙushe ko a jefa cikin ruwan omo. Masu saƙa zagayayyar yana da yawansu kusan kullum suke sabunta ta, cikin sa'a guda sun gama, saboda haka kada ki karaya don kin share da safe kin ga sabuwa washegari. In ana rushe wa gizo-gizo yanarsa a kai a kai, abinci kuma ya ragu, barin wurin yake yi.

Ɗige-ɗigen da kika ambata kashin gizo-gizo ne da na ƙwarin da ke kwana a bangon. Ruwa da omo da soso mai laushi suna fitar da shi in bai daɗe ba. In ya kwana biyu a rana yakan kama fenti. Akwai kuma wasu tabo masu launin toka, zagayayyu kamar girman kwabo, da ake gani birjik a jikin bango musamman mai fenti mai kaushi. Wannan ɗan gidan wani ƙanƙanin gizo-gizo ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ƙananan tururuwa da makamantansu yake ci. Yanarsa ba ta ganuwa sai ƙura ta hau, shi ya sa da hunturu take fitowa fili. Duk wanda bai riga ya yi fentin waje ba, shawarata ya yi mai santsi wanda ake iya wankewa, aƙalla a baranda da ƙarƙashin rufi. Mai kaushin yana da kyau a ido amma kowane ɗan rami a jikinsa wurin maƙala zare ne.

Kada a sa wuta a ƙona yana. Na ga masu yin haka da tsumma a bakin sanda. Silin roba da wayar lantarki da katakon rufi suna nan a daidai wurin, kuma gobara ba ta da ƙarama.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan aiki maganar haka take ba ƙari. Da rana gizo-gizo a tsaga yake ɓuya: tsakanin firam ɗin taga da bulo, inda bututun ruwa ko wayar eriya ta huda bango, inda silin waje ya rabu da gini. A cike su da siminti ko silikon. A gyara ragar taga da ta yage, a sa roba a ƙasan ƙofa. Itacen girki, ragowar bulo, tsofaffin tayoyi da buhuna a janye su daga jikin bango, a sare reshen da ya taɓa rufi, a nome ciyawa ta bar gini da taku biyu ko uku.

Yanzu ga maganar yaro, wadda ta fi damuna a kan fenti. Ban gan shi ba, don haka a kai shi ma'aikacin lafiya ya duba. Amma abin da ake kira fitsarin gizo-gizo, galibi ba ruwan gizo-gizo a ciki. Akwai wani siririn ƙwaro da bai wuce tsawon farce ba, mai ratsin ja-ja da baƙi, kamar doguwar tururuwa, yakan ɗaga bindinsa sama in yana tafiya. A wurare masu danshi yake rayuwa, gonakin shinkafa da fadama da bakin rafi, kuma yana matuƙar bin farin haske da damina. Ba ya cizo, ba ya harbi. Guba ce a cikin ruwan jikinsa, sai mutum ya ji abu na tafiya a wuyansa cikin barci ya murje shi, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja ya tashi kamar ƙunar ruwan zafi, sau da yawa a miƙe bisa yadda hannu ya ja shi. Hangara ma tana yin irin wannan bororo. Ki koya wa yara in sun ga irin ƙwaron a jikinsu su hure shi ko su kaɗe da takarda, kada su murje. In an riga an murje, a wanke wurin da hannuwa nan take da sabulu da ruwa mai yawa, kada hannun ya kai ido, don yana kumbura ido sosai. Kada a shafa man goge baki ko toka ko baƙin mai. Idan kuwa ƙurajen sun fito rukuni-rukuni a ɓangare ɗaya na jiki kamar ɗamara, da zafi mai tsanani, wannan wata cuta ce daban ta ƙwayar cutar ƙarambau, magani na asibiti take bukata kuma da wuri.

Ki lura, wannan ƙwaro ma fitila ce ta kawo shi bakin tagar yaron. Haka kwaɗi da kunama da tsaka, duk kalaci suke zuwa ci a gindin haske, kuma inda kwaɗi suka yawaita maciji yakan biyo. Gyaran fitila ya wuce batun kyan bango.

Shi kansa gizo-gizo, cikin nau'o'i sama da 50,000 da masana suka rubuta a duniya, ƙalilan ne ke iya yi wa mutum illa, kuma masu dogayen ƙafafu da ke lilo a kusurwar baranda ba sa ciki. Manyan nan masu ratsin rawaya da ke saƙa faffaɗar yana tsakanin bishiyoyi su ma girman ne kawai abin tsoro. Wanda nake so ki sani guda ne: mai launin ƙasa-ƙasa, da ƙulleliyar ciki, da tambari ruwan lemo a ƙarƙashin cikin. An fi gane shi da jakar ƙwansa, wadda take da tsinaye kewaye da ita kamar ƙarangiya. A ƙasa-ƙasa yake zama, ƙarƙashin kujerar roba, bakin bokiti, cikin tsohon takalmi, bayan janareta. Ba shi da faɗa, sai an matse shi yake cizo, amma cizon yana da zafi kuma a yaro ƙarami asibiti ake zuwa. A riƙa kaɗe takalmi, a duba ƙarƙashin kujera kafin a ɗauka.

Wasu kan ce mini ba sa son kashe gizo-gizo saboda labarin kogon da Manzon Allah (SAW) ya ɓuya lokacin hijira, wasu kuma su ce barin yana a gida yana jawo talauci. Hanyar da nake ba ki ta wadatar da kowa: ana share yana, gida ya yi tsabta, ba a bukatar bin kowane gizo-gizo da guba. Na cikin lambu da jikin katangar baya ma ni nakan ce a bar su, aiki suke miki.

Gidan laka da kike gani manne a bango na zanzaro ne. Ba ya kai hari sai an kama shi da hannu, kuma wasu irinsa gizo-gizo suke kamowa su sumar su cusa a cikin gidan don tsutsarsu ta ci. In kin fasa za ki gan su jere. A kankare da wuƙar fenti a wanke wurin, shi ke nan. Rina ce abin kiyayewa, mai gida kamar takarda a rataye. Tun yana ƙarami ake cire shi, da asuba ko da dare lokacin da suka lafa, da riga mai dogon hannu, yara kuma suna ɗaki. In zuma ce ta shiga silin, a kira masu kiwon zuma su kwashe ta. Duk wanda aka harba ya fara kumburin fuska ko leɓe ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya asibiti a lokacin, ba a jira.

Shinge kuma, da ke fitowa bayan ruwan farko su rufe fitila, kwana kaɗan ne su wuce. A kashe fitila na sa'a ɗaya ko biyu a daren, ko a ajiye baho da ruwa a ƙasan fitilar da ke nesa da ginin, masu ci su samu na suya. Zuwansu ba ya nufin gara ta shiga gida. Alamar gara ita ce siririyar hanyar ƙasa da ta taso daga tushen gini ta hau bango, ko firam ɗin ƙofa da in an ƙwanƙwasa ake jin fanko. Wannan kam a kira mai aikin da ya san ta, domin magani a ƙasa ake zuba shi, feshin bango ba ya kai wa gare ta.

Abu ɗaya da canjin fitila ba zai rage miki ba shi ne sauro. Shi numfashin mutum da warin jiki da ɗumi yake bi. Don haka ma ba na ba da shawarar sayen fitilar nan mai shuɗin haske da ke babbaka ƙwari da lantarki. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Delaware ta Amurka aka buga a 1996, an ƙirga ƙwari 13,789 da irin waɗannan na'urori suka kashe, 31 kacal ne masu cizo. A waje ƙara kiran ƙwari take yi. Maganin sauro yana ga ruwan da ke kwance: daga ƙwai zuwa mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne a zafinmu, saboda haka duk mako a kifar da gwangwani da taya, a rufe tanki da randa, a buɗe wa kwata hanya, a kwana cikin gidan sauro.

Sai fiya-fiya. Hajiya, ina roƙonki ki daina. Sinadarin da ke cikin irin waɗannan magunguna, dichlorvos, na gona ne, kuma wanda ake ɗurawa a kwalabe ba lakabi ba wanda ya san ƙarfinsa ko abin da aka gauraya. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa barkatai a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ake asara. Ga shi kuma ko a aikin ma bai dace ba: saurin bin iska yake, ya kashe abin da ya taɓa a lokacin, kafin kwana biyu babu shi a bango, ƙwan da ke cikin jaka kuwa ko gezau. Abin da ya rage shi ne wanda ku da yara kuka shaƙa. In wani ya fara dalalar da yawu, gumi, amai ko sarƙewar numfashi bayan feshi, a fitar da shi iska, a cire kayan jikinsa, a wanke shi, a kai asibiti tare da kwalbar. Manja da madara ba sa karya wannan guba, ɓata lokaci ne kawai.

In an gyara fitila, an yi shara, an toshe tsaga, aka ga har yanzu akwai lungun da ya gagara, to a nan magani yake da gurbi. A sayi mai rajistar NAFDAC da aka rubuta na amfanin gida ne, daga dangin deltamethrin ko lambda-cyhalothrin ko cypermethrin, a haɗa daidai yadda aka rubuta a jiki, ba a ƙara don a ce ya yi ƙarfi. A fesa a tsaga da kewayen taga da ƙarƙashin rufi inda rana da ruwa ba sa kaiwa, bayan an share yanar, don maganin da ya sauka a kan yana bai taɓa kowa ba. Wanke bango gaba ɗaya da magani asarar kuɗi ce: rana tana kashe ƙarfinsa, ruwan sama ya wanke shi zuwa kwata, gizo-gizo kuma a kan zarensa yake zaune, jikinsa bai cika taɓa bangon ba. Waɗannan magunguna suna kashe kifi da ƙudan zuma, kuma kyanwa ba ta jure wasunsu, don haka a rufe rijiya da randa da tafkin kifi, a killace kaji, kada a yi ranar iska ko hadari. Ruwan ganyen darbejiya da wasu ke fesawa ba laifi, ya fi amfani a kan ƙwarin da ke cin shuka, a kan gizo-gizo tasirinsa kaɗan ne.

In za ku kira mai feshi, Alhaji ya ce ya nuna masa kwalbar maganin ta asali da lakabinta, ya faɗi awa nawa za a yi kafin yara su fito tsakar gida. Wanda ya zo da jarka ba suna, ko ya fara feshi bai tambayi inda rijiya da ɗakin girki suke ba, a sallame shi. Bayan an canja fitilun ki ba abin mako biyu zuwa uku kafin ki auna, domin waɗanda suka riga suka ƙyanƙyashe sai sun ƙare, kuma watan Agusta ko yaya aka yi sai an ga wasu.